Haƙorin Dije

Ladi, wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma za su karanta. Kin tashi a Dangora a ɗakin kakarki, kuma na san abin da aka faɗa miki tun kina ƙarama. An ce ubanki ya zo ya ɗauke uwarki da ɗanyen jiki, ba ta yi arba'in ba, ya sa ta a jirgin ƙasa ana tsakiyar marka, sanyi ya shige ta, ta mutu a hannun baƙi. Ba ki taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce miki komai ba. Yanzu ga ki da jikoki, waɗanda abin ya shafa kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Abin da aka faɗa miki ba ƙarya ba ne. Na ɗauke ta, ba ta yi arba'in ba, kuma ana ruwa. Amma akwai abin da ya faru kafin nan, akwai kuma abin da aka gaya mini a Kano wanda ban kai wa kowa ba.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni tela ne a kasuwar Kiru, da damina in yi noma, da rani in zauna kan keke. Uwarki Dije 'yar Baba Magaji ce, wanzamin Dangora, mutumin da har daga Ba'awa ake aiko masa da jaki in an yi haihuwa. Ba ita ce 'yarsa ta fari ba, don haka babu kunya tsakaninsu, kuma kowa ya san ita ce 'yar lelensa. Doguwa ce, ba ta da jiki, ga ta da baki. Ba ta kiran sunana, Malam Tela take ce mini, in kuwa na ɗinka mata riga sai ta ɗaga ta sama ta duba, ta tambaye ni ko ɗaya hannun na maƙwabciya ne. Abin da ta fi so a duniya rake da mazarƙwaila. In na dawo daga kasuwa ba ta kallon fuskata sai ta kalli aljihuna.

Da cikinki ya yi nisa sai haƙorinta na turmi, na ƙasa ta hagu, ya yi rami. Da farko ruwan sanyi kawai yake ƙi, daga baya ya shiga hana ta barci. Takan daka kanumfari ta cusa a ramin, ya lafa, yawu ya wanke, ya dawo. Can sai zogin ya ragu da kansa, amma wani ruwa mai wari ya riƙa fitowa daga ramin, tana yawan tofarwa. A haka aka zo aka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na aika wa Baba maganar haƙorin ta bakin Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, wadda ita ta riƙe ni bayan rasuwar iyayena, kuma ita ce bakina a gidan surukai. Baba ya ce ba a cire wa mai ciki haƙori, ba a cire wa mai jego, sai ta yi arba'in zai sa awartaki. Dije kuma ta aiko a ce mini ko bayan arba'in ɗin ba za ta dawo Kiru da giɓi ba, don kada in samu abin ramawa.

Ana saura kaɗan a haife ki na shiga Kano sayen zare da allurar keke. A rumfar wani mai turare na ga 'yar kwalba, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Ya ce man kanumfari ne, daga ƙetaren teku ake kawo shi, ɗigo ɗaya ya fi tafin hannu na dakakke. Ya ɗiga mini a harshe, nan take wurin ya mutu kamar ba nawa ba. Na saya, na ƙulle a bakin rawanina, ina ta murna a hanya.

An haife ki ranar Lahadi. Ranar suna ban shiga gidan ba, uban ɗan fari ba ya nuna fuska, ina can gidan wani abokina aka kawo mini goro. Gwaggo ce ta kai kwalbar, ita ce kuma ta ba ni labarin abin da aka yi. Bayan Baba ya yi miki aski, ya wanke hannu, sai ya ce Dije ta zo bakin ƙofa inda haske yake. Ya shinshina man, ya ce lallai surukin nan nasa ya san kaya. Ya sa tsinke ya share ramin a hankali, ya jiƙa 'yar auduga da man ya tura ciki. Sai ya tsaya yana tunani. Ya ce abin da ke kashe maganin haƙori yawu ne, ba a rabin yini ya wanke shi. Ya buɗe zabirarsa ya ɗauko kakin zuma, wanda ake kawo masa daga Doguwa yana toshe bakin ƙaho da shi. Ya murza ɗan kaɗan ya yi laushi, ya danna a kan audugar, ya shafe da bayan tsinke har ya yi daidai da haƙorin. Gwaggo ta ce ta tsokane shi, ta ce yau kuma ƙaho ake yi wa haƙori?

Ya ce, "Tabawa, ƙaho ba ya ja sai an toshe shi. Abin da aka rufe shi ke aiki. Bar shi ya zauna ciki ya cinye cutar."

Ina so ki fahimci wannan. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana ganin ƙaho na jawo mataccen jini saboda an toshe bakinsa. Bai yi ganganci ba. Mafi kyawun abin da ya sani ya yi wa 'yar da ya fi so, kuma Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba.

Itacen wankan jego a kan miji yake, marka kuwa ta kankama, busasshen itace ya yi wuya. Nakan ɗora wa jaki daga Kiru in kai Dangora, in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaida Baba a zaure ba tare da na ɗaga kai ba, in zagaya bayan gida in sauke. Wurin da nake saukewa yana jikin dangar ɗakin da Dije take. In ta ji kukan jakin sai ta fito ta tsaya ta ciki, ni ta waje, ba ma ganin juna sai ta 'yan kafofin kara. Zuwana na farko bayan suna muryarta garau. Ta ce Inna, wato kakarki, tana ta faɗa wai itacena ɗanye ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Na tambaye ta haƙori.

Ta ce, "Wane haƙori? Jiya na ci ƙauri har da guringuntsi. Warin ma ya ɗauke. In ka tashi dawowa ka zo da mazarƙwaila, ka ɓoye cikin itacen, kada Inna ta gani."

Na tambaye ta ke. Saboda kunya sai ta ce baƙuwar tana nan, ta ɗebo kunnuwan wani tela. Na koma Kiru ranar ina jin babu wanda ya kai ni dabara.

Zuwa na gaba na kawo mazarƙwailar, jaki ya yi kuka, ba ta fito ba. Matar wanta ta leƙo ta ce tana barci. Na bar saƙon na tafi. Da na sake dawowa aka ce tana wanka, alhali rana ta take, ba lokacin wanka ba ne. Ban da ikon shiga, ban da bakin tambayar Inna. Na koma Kiru na ɗauko Gwaggo washegari da sassafe. Ta shiga tana barkwancinta da ta saba, ina jin muryarta tana tsokanar mutanen gidan, sai na ji ta yi tsit. Ta daɗe. Da ta fito ba ta tsaya a zaure ba, ta ja ni gindin wata tsamiya da ke gefen hanya.

Ta ce ba ta gane Dije ba. Ƙasan muƙamuƙinta ya kumbura tun daga kunnen hagu har ya zagayo maƙogwaro, ya yi tauri kamar icce, bakinta ba ya buɗewa sai abin da ɗan yatsa zai shiga. Jikinta zafi rau. Kunu ma da ƙyar yake wucewa. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, saboda itacen da ake kawowa ba ya tafasa ruwa yadda ya kamata, kuma kowa ya san kumburin mai jego daga sanyi yake. Don haka an ƙara wanka, an ƙara wuta ƙarƙashin gado, an ƙara kanwa a kunu. Zafin jikin bai dami kowa ba, ai mai jego da zafi aka san ta. Baba ya yi mata ƙaho a wuya, jini kawai ya fito. Haƙorin kuwa ba wanda ya waiwaye shi, tunda an riga an ce ya warke. Gwaggo ta ce ta tambaye ta ko yana ciwo, Dije ta ce ba irin na da ba, sai dai tana ji kamar ya fi 'yan'uwansa tsawo.

Ni ma ban kawo haƙorin a raina ba, kada ki ɗauka na fi su sani. Abin da kawai na sani shi ne akwai wani mai jimar fata a Kiru da wuyansa ya taɓa kumbura haka, aka kai shi asibiti a Kano, aka tsaga, ya dawo da ƙafarsa. Na ce wa Gwaggo zan kai ta Kano. Ta dube ni ta ce na san abin da nake faɗa kuwa? Mai jegon fari, a gidan ubanta, ko zaure ba ta takawa kafin arba'in, balle jirgi. Ta ce in ta warke za a ce na yi rashin kunya, in ba ta warke ba kuma ba ta san sunan da za a sa mini ba. Sannan ta gyara mayafinta ta ce mu je wurin Liman.

Liman ya saurare mu. Ya ce arba'in al'ada ce mai kyau, amma ba farilla ba ce, neman magani kuwa an yi umarni da shi, kuma mace tana ƙarƙashin mijinta ko a ɗakin uwarta take. Ya taso ya rako mu. A zauren Baba muka zauna, Inna tana tsaye ta bayan asabari. Tun da na auri Dije ban taɓa yin magana ta kai tsaye da Inna ba bayan gaisuwa, ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ranar na yi duka biyun. Liman ya yi bayani, Inna ta ce ita ta haifi tara, ta yi wa fiye da haka wanka, ba a taɓa fitar mata da mai jego ba. Ta ce a ba ta kwana uku da busasshen itace a gani. Na ce, Inna, ki gafarce ni, numfashinta ake ji daga tsakar gida. Ta ce wa ya kawo ɗanyen itacen? Baba yana zaune yana wasa aska a tafin hannunsa, har Liman ya ce masa, Magaji, kai ake jira.

Ya ce, "A tambaye ta."

Gwaggo ta shiga, ta fito. Ta ce Dije ta ce a kai ta.

Baba ya mayar da askar cikin zabira ya ce, "Matarka ce."

Inna ta ce daga bayan asabari, ba da ƙarfi ba, "In ka fitar da ita da ɗanyen jiki cikin ruwan nan, alhakinta a wuyanka. Jaririyar kuwa ba za ta ƙetare dokin ƙofar nan ba."

Matar wan Dije tana goyo a lokacin, aka ce ita za ta shayar da ke. Ga abin da nake so ki riƙe, don na san ba a faɗa miki ba. Tun da aka haife ki uwarki ba ta taɓa ɗaukarki a gaban mutane ba sai in an miƙo mata ke don nono, shi ma tana kau da kai, kamar yadda ake yi da 'yar fari. Ranar, an naɗe ta da zannuwa an fito da ita tsakar gida, sai ta tsaya ta miƙa hannu. Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ci gaba da miƙawa. Aka ba ta ke. Ta rungume ki a gaban uwarta da ubanta da Liman, ta sa hancinta a kanki ta daɗe tana shaƙa, ba wanda ya hana ta. Ni ina bakin zaure, da idona na gani.

A kan jakina muka kai ta tasha, Gwaggo na riƙe da ita ta gefe, ni ina ja, an lulluɓa mata tabarma saboda yayyafi. Jirgin ya cika. Wata Bafillatana ta dubi fuskar Dije, ta tashi ba tare da an roƙe ta ba, ta zauna a kan ƙwaryarta a ƙasa. Dije ba ta iya jingina, in ta kwanta baya numfashi sai ya tsaya, don haka a zaune ta yi tafiyar, ta sunkuyo gaba, yawu na zuba a ƙyallen da Gwaggo ta tara mata. Nono ya jiƙa mata gaban zane. Mutane suna ta ba da shawara, wannan ya ce hangum ne, wancan ya ce sammu ne, wani ya ce a shafa tokar kara. Ni dai ina tsaye na tare taga da bayana don kada ruwa ya taɓa ta, maganar Inna tana yi mini yawo a ka.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Likitan Bature ne, akwai wani malamin asibiti Bahaushe, mai furfura a gemu, da ke yi masa tafinta. Suka shiga da ita, muka zauna a baranda. Sun tsaga ƙasan muƙamuƙin, sun cire haƙorin, suka shiga yi mata allura. Da aka bar ni na shiga, an naɗe mata wuya da farin ƙyalle, idonta a rufe. Gwaggo ta fita neman kunu. Malamin ya zo da wani ɗan kwano, ya tsaya a gefen gadon, ya nuna mini haƙorin. Kakin yana nan daram a kansa, bai ko motsa ba. Ƙanshin kanumfari na tashi tare da wani wari da ba zan kwatanta miki ba. Ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce ni na sayo man. Ya ce ba man yake tambaya ba.

Ya ce, "Man ba shi da laifi, magani ne, yana kashe ƙwayar cuta. Mu ma nan da shi ake aiki, har cikin haƙori ake sa shi. Amma sai an fara kwashe abin da ya ruɓe tun daga saiwa, an wanke, an ga ya bushe, sannan a rufe. Wannan haƙorin ya riga ya mutu, mugunya tana fita ta ramin. Da aka toshe, ba ta da hanya, sai ta bi ta ƙasa."

Na ce, ba sanyi ba ne ke nan? Ya ce babu ruwan sanyi. Na ce fitowar da na yi da ita cikin ruwa fa? Ya ce da na fito da ita tun mako guda da ya wuce, da yanzu wata maganar muke yi. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran na Allah ne, ya tafi da kwanonsa.

Na ɗauka barci take. Sai na ji ta taɓa gefen rigata. Tsagar ta ɗan sassauta mata wuya, tana iya magana ƙasa ƙasa ta tsakanin haƙora, sai na sunkuya. Ta ce sun cire? Na ce sun cire. Ta ce to, Malam Tela, ka samu abin ramawa. Na kasa dariya. Ta huta, sannan ta ƙara jawo rigar.

Ta ce, "Na ji abin da ya ce. Kada ka gaya wa Baba."

Na ce ta bar wannan maganar, in ta warke ta gaya masa da bakinta ko ta bari. Ta ƙi sakin rigar sai da na ce na ji, ba zan gaya masa ba.

Ta kwana, ta wuni, har muka fara sa rai, don ta sha kunu cokali kaɗan, ta tambayi Gwaggo ko an ce kina karɓar nonon. Kashegari zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, ta daina gane mu. Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Gwaggo ce ta yi mata wanka tare da wasu mata biyu na unguwar da ban san sunansu ba har yau. Mutanen masallacin kusa suka yi mata salla, suka taya ni ɗauka. Ba wanda ya san ta a cikinsu, amma sun cika sahu. Allah ya saka musu. Na koma bayan shekaru don in nemo kabarin, ban gane shi ba.

Mun dawo Dangora da zannuwanta a ƙulle. Tun daga tasha labari ya riga mu. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi ƙullin daga hannun Gwaggo ta ce, ai ta faɗa. Duk wanda ya zo gaisuwa abin da yake ji ke nan, an fitar da ita da ɗanyen jiki, sanyin jirgi ya gama da ita. Gwaggo ba ta ji bayanin malamin ba, ita ma har ta rasu tana cewa ƙaddara ce, amma wataƙila da mun bar wa Inna kwana ukunta. Ina zaune a ƙofar gidan ana yi mini gaisuwa da baki, ana kallona da wani ido. Kalma kaɗan ce za ta wanke ni, tana kan harshena. Sai in dubi Baba a kan buzunsa, ya rame cikin 'yan kwanaki kamar an zare masa laka, in haɗiye.

Sauran kin sani. Inna ta ce a nan za ki zauna, ban yi musu ba, don in na yi musu sai an tono dalili. Na yi aure bayan shekara biyu, aka haifi ƙannenki. Duk sallah nakan ɗinka miki riga in kawo, ki hango ni ki ruga bayan rumbu. Ranar da aka ɗaura miki aure kawunki ne ya yi walicci, ni ina cikin 'yan shaida. Ban rubuta wannan don ki ji tausayina ba, ban kuma rubuta don ki sauke laifi daga kaina ki ɗora wa kakanninki ba. Ni na sayo man, Baba ya toshe, Inna ta ƙara wuta, kowannenmu yana neman lafiyarta. Sun riƙe ki da kyau, sun fi ni iya riƙon. Alkawarin da na ɗauka na Baba ne, Baba kuwa ya daɗe da tafiya.

Abu ɗaya ya rage. Ranar da aka tashi daga zaman makoki na je yi wa Baba sallama zan koma Kiru. Shi kaɗai ne a zaure, da hantsi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na faɗi abin da ake faɗa. Ya dube ni ya ce sumata ta yi yawa, in zauna. Suruki ba ya yi wa surukinsa aski, ko a Kiru na san wannan, shi kuwa ya fi ni sani. Na ce, Baba, a bari in na je gida. Ya ce in zauna. Na cire hula na zauna a gabansa na ba shi baya. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ya fara daga ƙeya. Daga baya na gane dalilin askin, yana so ya yi tambaya ba tare da ya ga fuskata ba, ni ma ban ga tasa ba.

Ya ce, "Me likitan ya ce?"

Na ce, "Sun ce mun makara, Baba."

Askar ta ci gaba. Ya karkata mini kai ya yi gefen kunne.

Ya ce, "Sun duba haƙorin?"

Na ce sun duba, sun cire shi.

Askar ta tsaya a kaina. Ina jin sanyin ƙarfen a fata, ina jin numfashinsa a bayana. Ya ce, da abin da ke cikinsa? Na ce da shi. Ya ce ba su ce komai ba?

Na ce, "Sun ce man kanumfari magani ne. Sun ce su ma da shi suke aiki, har cikin haƙori suke sa shi."

Ina jira ya tambayi kakin, ban kuma san abin da zan ce ba in ya tambaya, don ban iya yi masa ƙarya ba, ban kuma iya karya mata alkawari ba. Bai tambaya ba. Ya ce Alhamdu lillahi, a hankali, ya ƙarasa askin, ya share mini kai da tafin hannunsa. Ya ɗauki hulata daga ƙasa, ya karkaɗe ta, ya sa mini da kansa. Ya ce in tashi in kama hanya kafin hadari ya haɗo.